DANGIN AGUGU: TSIRE-TSIREN DA BA SU FURE, AMFANINSU DA ƁARNARSU GA MANOMI

Gabatarwa

Malam manomi, kusan duk abin da kake shukawa a gona sai ya yi fure kafin ya ba da ƙwaya. Gero da dawa su fid da kai su yi bununi. Wake da gyaɗa da auduga su yi fure. To, amma akwai wata zuriya ta tsire-tsire da ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ba ta da wata ƙwaya da za ka ɗiba a hannu ka shuka. Duk da haka tana yaɗuwa, har ta cinye makiyaya ko ta rufe tafki.

Turawa suna kiran wannan zuriya da suna fan. Masu maganin gargajiya kuwa sun daɗe da sanin saiwar ɗaya daga cikinsu, watau agugu, wadda a da fatake kan kawo daga wajen Adamawa don maganin tsila. Saboda haka a wannan takarda za mu kira su dangin agugu. Masana sun ƙidaya fiye da iri 10,000 a duniya. Yawancinsu ba ruwansu da gonarka. Amma akwai guda uku da ya kamata ka sani sosai. Ɗaya yana kashe shanu. Ɗaya yana ba shinkafa taki kyauta. Ɗaya kuma yana toshe hanyar ruwa. In ka san yadda suke rayuwa, ka san yadda za ka yi da kowannensu.

Yadda za ka gane su

Waɗanda ke fitowa a ƙasa suna da alamu uku.

1. Sabon ganye yakan fito a naɗe, kamar ƙadandoniya in an taɓa ta. Yana girma yana warwarewa daga ƙasa zuwa sama.

2. Ganyen da ya ƙosa yawanci a tsattsage yake, kamar gashin tsuntsu ko ganyen ɗorawa. In ka juya bayansa za ka ga ɗigo-ɗigo ko layi-layi masu launin ƙasa-ƙasa, a jere. Wannan ba cuta ba ce, ba kuwa ƙwan ƙwari ba ne. Nan ne rumbun irinsa.

3. Yawancinsu ba su da kara a tsaye kamar dawa. Karansu a kwance yake cikin ƙasa ko a kan dutse, kamar na citta ko na tofa. Daga jikinsa saiwoyi ke sauka, ganye kuma ya tashi.

Waɗanda ke yawo a kan ruwa ƙirarsu dabam ce. Za mu zo kansu a gaba.

Yadda suke hayayyafa

Ga wani gwaji da kai da yaranka za ku iya yi. Ka yanko ganyen da ya ƙosa, ka kifa shi a kan farar takarda, ka ajiye a ɗaki inda ba iska. Bayan kwana ɗaya ko biyu ka ɗaga. Za ka ga wani gari mai laushi ya zuba, har ya zana siffar ganyen a takardar. Wannan gari shi muke kira ƙurar iri. Ganye ɗaya yana iya zubar da miliyoyinta, iska ta kwashe ta kai ta nesa.

Ƙurar iri ba ƙwaya ba ce. Ƙwayar dawa tana ɗauke da ɗan tsiro a cikinta, da guzurin abincin da zai ci kafin ya kafu. Ƙurar iri ba ta da wannan. In ta faɗi a busasshiyar ƙasa, shi ke nan, ba abin da zai fito. In kuwa ta faɗi wuri mai laima da inuwa, sai ta tsira. Amma abin da zai fito bai yi kama da uwar ba ko kaɗan. Wani ɗan faifai ne kore, sirantacce, bai kai faɗin farcenka ba, a manne da ƙasa. Mutum zai taka shi sau ɗari bai lura ba.

A ƙarƙashin ɗan faifan nan akwai ɓangaren namiji da ɓangaren mace. Ƙwayoyin namiji ba iska ke kai su ba, ba kuma ƙudan zuma ba. Iyo suke yi. Sai an sami ruwa ya jiƙa wurin, ko da na raɓa ne, sa'an nan su yi iyo su tarad da ƙwan mace. Daga haɗuwar nan ne tsiro na sosai yake tashi, ya fid da ganyensa na fari, ɗan faifan kuma ya bushe. Wani masanin tsire-tsire Bajamushe, Wilhelm Hofmeister, shi ya bayyana wannan zagaye filla-filla a shekarar 1851.

Ka ga ke nan dangin agugu suna da hanya biyu ta yaɗuwa. Ta fari ita ce ƙurar iri, wadda ke kai su sabon wuri, amma ba ta yiwuwa sai da laima. Ta biyu ita ce karan nan na kwance, wanda ke rarrafe yana rassa, kowane reshe ya zama sabon gindi. Waɗanda ke damun manomi, da hanya ta biyu suka fi yaɗuwa. Ka riƙe wannan, don a kansa dabarar yaƙarsu take.

Inda suke zama

Tun da haihuwarsu ta dogara ga ruwa, ba mamaki sun fi yawa a kudu da kan tsaunuka, su ragu in an nufo arewa. Ga wuraren da za ka neme su.

Cikin kurmi da bakin rafi. Nan ne gidansu na ainihi, inda rana ba ta dukan ƙasa, ganye yana ruɓewa, ƙasa kuma ba ta bushewa. In ka ga sun yi yawa a gefen wani kwari har cikin rani, alama ce laima ba ta yankewa a wurin. Sau da yawa idon ruwa yana kusa. Kada ka sare itatuwan da ke wurin, don inuwarsu da saiwoyinsu ke tsare ruwan.

Cikin tsohuwar rijiya, da ƙarƙashin kwalbati, da jikin ginin da ruwa ke tsattsafowa. Ko a ƙasar Kano ko Katsina, in ka leƙa tsohuwar rijiya kana iya ganinsu sun kama bango. Iska ce ta kawo ƙurar.

Jikin itatuwa. A inda ake da kwakwar manja za ka gan su sun yi tuli a jikin kututture. Kada ka ɗauke su kamar kauci. Kauci yana kafa saiwarsa cikin reshe yana shan ruwan itace har ya kashe shi. Waɗannan kuwa wurin zama kawai suka ara. Abincinsu daga ruwan sama ne da dattin da ya taru a jikin itacen.

Tsagar duwatsu. Akwai wani ƙarami mai ganye kamar na goriba, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Da rani sai ya ƙanƙance ya yi kamar ya mutu. Ruwan fari na sauka sai ya buɗe ya koma kore.

Fadama da tafkin da ke ƙafewa. Akwai wani mai ganye huɗu a kan siririn tsinke, sai ka ce ganyen gyaɗa. Masana suna ce masa marsiliya. Shi ba a bayan ganye yake ajiye ƙurarsa ba. Yana ƙulle ta cikin wani ɗan ƙoƙo mai tauri kamar ƙwayar wake, a gindinsa. Ƙoƙon yana iya yin shekaru da yawa cikin busasshen taɓo, ran da ruwa ya dawo ya fashe. In ya yi yawa a gonar shinkafa ciyawa ne, yana cin taki tare da shinkafarka. A cire shi da wuri, a haɗa da karansa mai rarrafe, don guntun da aka bari zai sake tohowa.

Biraken: mai kashe shanu

Wannan shi ne mafi haɗari. Turawa suna ce masa biraken. Ana samunsa kusan ko'ina a duniya in ban da hamada da wurare masu tsananin ƙanƙara. A wajenmu ya fi yawa a ƙasashe masu tudu da sanyi da yawan ruwan sama, kamar tsaunin Mambila a Jihar Taraba, mai tsayin wajen mita 1,600, da tsaunukan Bamenda a Kamaru. Ana kuma ganinsa a saurukan kudu.

Kamanninsa: kowane ganye shi kaɗai yake fitowa daga ƙasa, a kan tsinke mai tauri. Tsayinsa daga ƙugu zuwa fin tsayin mutum. Saman ganyen yana da faɗi, mai kusurwa uku. Ƙurarsa a bakin ganye take, inda gefen ya lanƙwashe ta baya. Ba kamar yawancin danginsa ba, shi yana son fili da rana. Yana son ƙasa mai tsami wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta.

Ƙarfinsa duk a ƙarƙashin ƙasa yake. Karansa baƙi ne, kaurin yatsa, yana nutsewa rabin mita ko fiye, cike da abincin da ya tara. Wuta ba ta kai masa. In aka sa wa daji wuta, ciyawar kirki da 'yan itatuwa su ƙone, shi kuwa ya riga kowa tohowa cikin toka. In kuma shanu suka yi wa makiyaya yawa, sai su cinye ciyawa mai daɗi su bar shi, ya sami fili. Watau ƙunar daji kowace shekara da yawan kiwo a wuri ɗaya su ne ke yi masa noma.

Dabba mai ƙoshi ba ta cika kula shi ba. Yunwa ke sa ta ci. Lokacin da ya fi haɗari shi ne ƙarshen rani da farkon damina, bayan wuta, sa'ad da ba wani kore a fili sai tohonsa. Tohon nan kuwa ya fi tsohon ganye dafi.

Dafinsa iri biyu ne. Ɗaya yana lalata ɓargo, inda jiki ke ƙera jini, yana kuma haddasa ciwon daji. Masana a Japan ne suka ware wannan dafi a shekarar 1983. Na biyu yana lalata wani sinadari, bitamin B1, wanda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ke bukata. Ga yadda abin ke nunawa:

Shanun da suka ci da yawa, mako 2 zuwa 8 a jere: zazzaɓi mai zafi, digiri 41 zuwa 42, ƙin cin abinci, jini ta hanci, jini cikin kashi, ɗigon jini a dasashi da cikin ido. Ko cizon ƙuda sai ya yi ta zubar da jini. Yawancin waɗanda suka kai wannan hali ba su tashi. Ciwon yana iya bayyana ko bayan an bar makiyayar da 'yan makonni.

Shanun da ke ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru: fitsarin jini mai zuwa yana komawa, da rama. Ƙari ne ke fitowa a mafitsara. Wannan ba shi da magani.

Dawaki: tangaɗi, rawar jiki, tsayuwa da ƙafafu a wawware. In an gane da wuri, allurar bitamin B1 tana ceton doki.

Tumaki: makanta a hankali, alhali idon garau yake ba hakiya.

A lura, ciwon da kaska ke kawowa shi ma yana sa fitsarin jini. Ciwon saifa kuma yana sa jini ta hanci da dubura. Don haka kada ka yanke hukunci da kanka, ka kira likitan dabbobi. Dabbar da ta mutu tana zubar da jini, kada a feɗe ta, kada a ci namanta, sai likita ya gani. Har ila yau, wani abu daga dafin yana bi ta cikin nono. Saboda haka shanun tatsa su ne na farkon da za a nisanta da shi.

Abin da za ka yi:

1. Kada ka kai shanu masu yunwa inda ya yi yawa, musamman bayan wuta. In ba makawa sai an ratsa, a ba su harawa ko dusa tukuna.

2. In kana yankan ciyawa don ajiya, ka tsince shi. Bushewa ba ta kawar da haɗarinsa. Kada kuma a shimfiɗa wa dabbobi shi a turke.

3. Ka daina sa wa wurin wuta.

4. Ka sare shi daidai lokacin da ganyen ya gama warwarewa. A lokacin karan ƙasa ya riga ya kashe guzurinsa wajen fid da ganye, bai kuwa fara maidawa ba. In ya sake tohowa, bayan kamar mako 6, ka sake sarewa. A yi haka sau biyu ko uku kowace damina, shekara uku a jere ko fiye. Sara ɗaya aski ne kawai.

5. Abin da ka sare kada ka bar wa dabbobi. Ka zuba shi ramin taki ya ruɓe sarai.

6. In gona za ka yi a wurin, ka yi kaftu mai zurfi da rani, karan ya fito rana ta busar da shi. A gangare kuwa kunya ta gitta tudu, kada ruwa ya kwashe ƙasa. Da ka raunana shi, ka shuka ciyawar kiwo ko itatuwa su rufe wurin, don ba ya son inuwa mai duhu.

7. Maganin feshi mai bin jijiya har ƙasa yana aiki a kan ganyen da ya buɗe sosai. Wanda ke ƙona ganye kawai ɓarnar kuɗi ne. Ka nemi shawarar malamin gona kafin ka saya, kuma ka hana dabbobi shiga wurin bayan feshi.

Wataƙila ka ji an ce a Japan da Koriya mutane suna cin tohonsa. Gaskiya ne, amma sai sun tafasa shi, sun jiƙa shi cikin ruwan toka ko sun sauya masa ruwa sau da yawa. Kai dai kada ka gwada.

Azola: taki mai yawo a kan ruwa

Azola ita ce ƙarama a dangin. Gindi ɗaya bai fi farcen babban yatsa ba. Ganyenta ƙanana ne ƙwarai, suna hawan juna kamar ɓawon kifi, da 'yan saiwoyi kamar zare suna reto cikin ruwa. Tana zama a ruwan da ba ya gudu: tafki, kududdufi, gefen fadama, fangalin shinkafa. Launinta kore ne, amma in rana ta yi mata yawa, ko sanyi, ko ta rasa abinci, sai ta koma ja. Ba kainuwa ba ce. Kainuwa babba ce, mai ganye kamar latas, kuma tana fure.

Ka san yadda gyaɗa da wake ke gyara ƙasa, saboda 'yan ƙulle-ƙullen da ke saiwarsu. To, azola ma haka take, sai dai nata a ganye yake. Cikin kowane ɗan ganye akwai rami, a cikin ramin akwai wata halitta mai kama da gansakuka wadda ido ba ya gani. Halittar nan tana jawo naitirojin daga iska, watau sinadarin da kake saye cikin buhun yuriya. Azola ta ba ta masauki, ita kuma ta ba azola abinci. In azola ta mutu ta ruɓe cikin taɓo, naitirojin ɗin ya zama na shinkafa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Manoman ƙasar Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna renonta a gonakin shinkafa. An ambace ta cikin wani littafin noma na ƙasar Sin da aka rubuta wajen shekara ta 540. Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta yi gwaje-gwaje da yawa a kanta. Ƙungiyar Bunƙasa Noman Shinkafa ta Afirka ta Yamma, WARDA, wadda yanzu ake kira AfricaRice, ita ma ta gwada ta a kwarin kogin Sanagal cikin shekarun 1980.

Abin da aka gano shi ne, in azola ta rufe hekta ɗaya aka tattake ta cikin taɓo, tana ba da wajen kilo 30 na naitirojin. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Ka ga ta ɗara buhu guda. Ba za ta ɗauke maka sayen taki duka ba, amma za ta rage. Bugu da ƙari tana rufe fuskar ruwa, ƙananan ciyayi su rasa haske. In ta rufe ruf, sauro ma yana shan wuyar yin ƙwai.

Abin da take bukata:

Ruwa kullum. In fangali ya bushe, cikin yini guda ta mutu. Zurfin santimita 5, watau gaɓa biyu na yatsa, ya isa.

Matsakaicin zafi, digiri 20 zuwa 30. In ya haura 35 sai ta fara lalacewa. Don haka a arewa tana wahala da bazara. Ta fi kyau da damina da kaka. Da tsananin hunturu girmanta yakan ragu.

Takin supa. Naitirojin ita ke samar wa kanta, amma fosfaras sai an ba ta, kaɗan-kaɗan.

In ta sami waɗannan tana ninka kanta cikin kwana 3 zuwa 5.

Yadda ake renonta a gida:

1. Ka haƙa rami mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, zurfin santimita 20, a inda ke da inuwa rabi da rabi. Gindin ramin ya daidaita.

2. Ka shimfiɗa leda mai kauri wadda ba ta yoyo.

3. Ka baza tankaɗaɗɗiyar ƙasa mai kyau, kilo 10 zuwa 15.

4. Ka dama kashin shanu kilo 2 da takin supa giram 30 cikin ruwa lita 10, ka zuba. Ka ƙara ruwa har ya kai santimita 10.

5. Ka watsa azola rabin kilo zuwa kilo ɗaya.

6. Cikin kwana 10 zuwa 15 za ta rufe ramin. Daga nan kana iya ɗibar wajen rabin kilo kullum. In ba ka ɗiba, sai ta hau kanta ta ruɓe.

7. Duk bayan kwana 5 ka ƙara kashin shanu kilo 1 da supa giram 20. Ka riƙa sauya wani kashi na ruwan lokaci-lokaci.

In daga tafki ka ɗebo irin, ka wanke shi, ka tsince dodon koɗi da sauran ciyayin ruwa, ka rene shi cikin baho mako guda tukuna. Wasu ƙananan dodon koɗi suna ɗauke da tsargiya da tsutsar hanta, kuma suna cin azolar.

Yadda ake sa ta a gona: wannan dabara ta mai dashen shinkafa ce, a fangalin da aka daidaita, wanda yake iya shigar da ruwa ya fitar sa'ad da ya so, kamar yadda ake yi a Kadawa da Kura da Bakolori. Bayan dashe da mako guda, ka watsa giram 50 zuwa 100 a kowace murabba'in mita, watau cikin tafi ɗaya ko biyu. Bayan kamar mako 3 za ta rufe. Sai ka rage ruwa, ka tattake ta cikin taɓo lokacin cirar ciyawa. Ragowar da ta tsira za ta sake rufewa, ka sake tattakewa. Kada ka sa ta inda aka yi yafi shinkafa tana ƙarama, don za ta danne tsiron. Ba ta yi a shinkafar tudu, ba ta yi inda ambaliya ke gudu. Ka sani kuma yawancin magungunan ciyawar shinkafa suna kashe ta.

Abincin dabbobi: in an busar da azola, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyinta sinadarin gina jiki ne. Agwagi da kaji da karfasa suna cinta, awaki da shanu ma in sun saba. A wanke ta warin kashin shanu ya fita, a gauraya da dusa. Amma ɗanyarta fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne. Ƙari ce, ba ita ce abincin ba. Ga kaji, kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinsu. Wannan aiki ne da iyali za su iya riƙewa a cikin gida.

Salbiniya: kama da wane ba ta wane

Akwai wata 'yar'uwar azola mai yawo a kan ruwa, ana ce mata salbiniya. Ganyenta bibbiyu ne suna fuskantar juna, kowanne ya kai farcen babban yatsa ko ya fi, da gashi-gashi a samansa wanda ruwa ba ya jiƙawa. In ta yi cunkoso sai ganyen ya ninke. Ba ta jawo naitirojin daga iska. Mafi ɓarna a cikin irinta daga Barazil ta fito. Ƙurarta ba ta tsira, da gutsurewa kawai take yaɗuwa, amma guntu ɗaya ya isa.

A tafkin Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, ta rufe wajen murabba'in kilomita 1,000 a shekarar 1962, watau kusan kashi ɗaya cikin biyar na tafkin. A 1999 ta ɓulla a ƙarshen kogin Sanagal, ta toshe hanyoyin ban-ruwa, ta hana masunta aiki. Abin da ya karya ta shi ne wani ɗan ƙwaro mai dogon baki, bai fi ƙwayar gero ba, wanda ke cin tohonta. Asalinsa shi ma daga Barazil ne. An fara cin nasara da shi a Ostareliya a farkon shekarun 1980, daga baya aka sake shi a kogin Sanagal ya yi aiki.

Ko azola ma, wani irinta da aka kai Afirka ta Kudu daga nahiyar Amurka ya rufe madatsun ruwan gonaki, sai da aka saki wani ƙwaro a 1997 kafin a shawo kansa. Darasin shi ne: ka reni irin azolar da ke ƙasarku. Kada ka karɓi baƙon tsiron ruwa daga hannun wanda ba ka sani ba. Kada ka zubar da ragowar reno cikin kogi ko babbar hanyar ruwa. In ka ga baƙon tsiro yana rufe ruwa da sauri, ka kwashe shi ka shanya nesa da gaɓa, ka sanar da malamin gona nan da nan. Ka kuma duba kwalekwale da koma kafin ka kai su wani ruwa.

Gargaɗi game da agugu

Saiwar irin waɗannan tsire-tsire da ake sha don tsila tana da dafi. In ta yi yawa tana kawo amai da zawo, tana iya makantarwa, har ta yi kisa. Yanzu akwai maganin tsila a asibiti mai sauƙi da ƙarancin haɗari. A je can.

Abubuwan tunawa

1. Dangin agugu ba su fure. Da ƙurar iri suke zuwa sabon wuri, da karan kwance suke mamaye shi.

2. Inda suka yi yawa cikin kwari akwai laima. A bar itatuwan wurin.

3. Na jikin itace ba kauci ba ne, ba ya shan ruwan itacen.

4. Biraken yana kashe shanu. Wuta da yawan kiwo ke ƙara shi, sara a kai a kai ke rage shi.

5. Azola tana son ruwa marar zurfi, da matsakaicin zafi, da ɗan takin supa. Ka fara da fangali ɗaya, ka gwada shi da na kusa da shi kafin ka faɗaɗa.

6. Kada ka kai baƙon tsiron ruwa cikin kogi ko tafki.

In ka ga wani tsiro kana shakkarsa, ka ciro shi da ganye da saiwa, ka sa a leda, ka kai wa malamin gona na yankinku. In dabba ce ta nuna alama, ka nemi likitan dabbobi tun da wuri. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka.